Gonar da Baba Ya Shuka wa Mazo

Djougou, 24 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana, Baban Khalida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Khalida da duk mutanen unguwar Albarika. Yaya kasuwa, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Allah ya sa ba ka koma ɗaukar buhun siminti da kanka ba don ka ga ba na nan. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Na san za ka yi dariya ka ga takarda, alhali jiya ma mun yi waya. To, waya a gidan nan ba ta da sirri. Tun da Inna ta rasu kunnen Baba ya ƙara kaifi, ko a kicin na yi raɗa sai ya tambaye ni da wa nake magana. Abin da nake son faɗa maka kuwa ba na son ya ji, shi ya sa na ba direban da ke ɗauko maka kaya ya damƙa maka hannu da hannu.

Na ce maka sati ɗaya zan yi. Ina roƙon ka ƙara mini, ga dalili.

Ka tuna yadda muka bar shi bayan sadakar arba'in, kwance a tabarma, ba kasuwa, ba hira, abinci sai an yi da gaske. To na zo na tarar da tabarmar a naɗe. Baba ya yi gona. Baba fa, Alhaji Badamasi, wanda tun kakan kakansa goro suke ɗauka, ba wanda ya taɓa riƙe fartanya a zuriyarmu. Aikin yayana Rachidou ne. Daga can Amurka ya turo masa wani hoto mai motsi, wai maharban can ba sa wahalar bin nama cikin daji, gona suke shuka masa, su yi 'yar rumfa a gefe su zauna, naman ya kawo kansa. Ka san shekara biyar ke nan gwiwa ta hana Baba bin sawu, kuma ka san harbi shi ne abin da ya fi so a duniya bayan Inna, wata rana ma har da Innar. Da ya ji haka sai ya tashi zaune.

Rachidou har iri ya aiko masa, wani hatsi na ƙasar sanyi wai shi avoine. Tsohon abokin farautarsa Djibrilla ya ara masa fili a ƙauyensu, gaba da Partago, bakin rafi, jikin kurmi. Aka shuka a watan Agusta. Hatsin Turawa ya fito kamar tsawon yatsa, ya yi rawaya, ya kwanta abinsa. Baba ya ce kewar gida ce ta kashe shi. Amma da yake Djibrilla mai hankali ne, ya sa an haɗa da wake da gyaɗa da rama, da kunya biyu na dankali, aka kuma ajiye dunƙulen kanwa a kan kututture don namun su riƙa lasa. Waken ya yi kyau har ya ba ni haushi.

Shekaranjiya muka je a kan zem, babur ɗin nan na haya. Akwai sawun gada birjik, da na wani mazo babba guda ɗaya da ke fitowa daga kurmi. Da ka ga Baba a wurin, da ka ce shekara ashirin aka cire masa. Ranar kwano biyu na wasa-wasa, dambun nan na garin doya, ya ci. Na yi murna wallahi, har na yi ƙwalla.

Amma Baban Khalida, Baba ba ya gani.

Ban ce ya makance ba. Yana ganin haske, yana ganin motsi. Sai dai sawun nan da yake nuna mini, ba da ido ya same shi ba, durƙusawa ya yi yana shafa ƙasa da yatsu. Shayi yana zuba shi a gefen kofi, ya ce hannunsa ne ya goce. Ran Juma'a na shanya zanena a igiya, ya shigo ya yi masa sallama. Alƙur'ani yana buɗe a gabansa yana karatu, shafin bai taɓa juyawa ba, da ka yake yi. Na leƙa idon da kyau lokacin da yake alwala, na hagu ya yi fari kamar an ɗiga madara, na dama ma ya soma. Ba wanda ya lura, don shi kaɗai yake zaune sai mai dafa masa, kuma ya haddace gidan taki-taki.

Ga shi ya goge bindiga, ya sabunta permin riƙe ta, ya sayo kartush, wato harsashi. Jira yake daji ya bushe, ya zama gonarsa ce kaɗai ke da abin ci, sai ya fara zaman kwanto. Gabana faɗuwa yake duk lokacin da na ji yana goge ƙarfen nan.

Don Allah ka tambayo mana likitan ido a Parakou, a hankali, kada maganar ta zagayo. Ka gaishe mini da Khalida, ka duba ko tana zuwa karatu lakkol da wuri, kada ka bar ta tana cin gasasshiyar masara a madadin abinci. Kai ma haka.

Taka har kullum,
Mubaraka


Ƙauyen Djibrilla, 12 ga Nuwamba

Baban Khalida,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kun tashi lafiya. Na sami amsarka da kuma maganin sauron, na gode, Allah ya bar mini kai. Labarin miyar kuɓewar da ka yi ta zama ruwa ya sa ni dariyar da na kwana biyu ban yi ba. Khalida ta yi gaskiya da ta ƙi ci.

Yanzu mun tare a nan gidan Djibrilla. Baba ya ce zirga-zirga daga Djougou tana cinye masa asuba, ni kuma na ce ƙafata ƙafarsa. Matar gidan, Hadjo, ta ba ni ɗaki, tana ta ɗura mini sakwara da wagashi, cukun nan na Fulani, kamar wadda za a kai kasuwa. Waya ba ta kamawa sai an hau tudu, to ka ci gaba da haƙuri da takarda.

Na yi masa maganar likita. Na bi ta nesa, na ce kai ne ka ce akwai wani likita mai kyau, mu je a duba gwiwa, daga nan a leƙa ido tunda an je. Ya ce idonsa ƙalau, hayaƙin itace ne. Da na matsa sai ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na haɗiye abin da ya zo bakina, don da na faɗa da na yi saɓo. Ƙarshenta dai ya ce zai je, amma sai ya kayar da mazon nan tukuna. Randebun ganin likita da ka karɓo na ran ashirin, ka roƙe su su ɗaga.

Ga abin da ya hana ni sukuni. An yi masa 'yar rumfar ciyawa a gindin kaɗanya, a saman gonar. Da an sallame asuba yake tafiya, shi kaɗai, don ya ce jama'a suna korar nama. Ran Laraba muna shara muka ji ƙarar bindiga. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Can ya dawo yana haki, fuskarsa sai walƙiya take, ya ce ya sami mazon a kafaɗa, ya gudu da rauni cikin kurmi. Djibrilla ya tafi da kare, ya yi ta yawo har azahar, ko ɗigon jini bai gani ba. Ya dawo ya ce ƙila iska ce ta kaɗa harbin, suka yi ta musu irin nasu na tsofaffi.

Ni kuwa da la'asar na zaga ni kaɗai. A ƙasan gonar, kusa da rafi, akwai wani suri ja, tsayinsa kamar ƙuguna. Gefensa ya rufta, ƙwayoyin harsashi a cikinsa, gara sai kai da kawowa suke suna gyara. Baba bai kuskure ba ko kaɗan, hannunsa na nan yadda ka san shi. Suri ya harba. Na sa ƙafa na baje ɓaraguzan don kada Djibrilla ya gani. Har yanzu ban san me ya sa na yi haka ba. Ko dai na sani: ba zan iya jure a yi wa mahaifina dariya a ƙauyen da shekara arba'in suna kiransa gwani ba.

Ka ce in gaya wa Djibrilla, ko kai ka zo da kanka ka karɓe bindigar. Baban Khalida, kai suruki ne. Ranar da ka sa hannu a bindigar nan, ranar zumuncinku ya ƙare, ni ce kuma zan zauna a tsakiya. Djibrilla kuwa sau uku ina buɗe baki, sai in ga kamar tsiraicin Baba zan yaye. Na hau tudu na kira Rachidou, ya ce in daina tayar da hankali, tsoho yana jin daɗinsa. Shi da ke bayan teku me ya dame shi? Ya kunna wuta ya tafi, ni ce a bakin murhu.

Abin da nake lallashin kaina da shi shi ne gonar tana gefe, ba hanya, ba mai bi ta wurin. Maƙwabta duk sun yi roron wakensu, namu na nan ya bushe a jikin uwarsa, Baba ya ce ba mai taɓawa, na mazo ne. Mutanen gari suna wucewa suna girgiza kai, wai Bahaushe ya noma wa dabba abinci. In dai suri ne, ya yi ta harbi har ya gaji.

Ka yi mana addu'a. Ka ce wa Khalida na ga sakamakonta, Allah ya yi mata albarka, lissafin ne dai a ƙara ƙoƙari.

Matarka mai kewarka,
Mubaraka


Ƙauyen Djibrilla, 30 ga Nuwamba

Baban Khalida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Khalida, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya.

Na ce maka ba mai bi ta gonar. Ashe ban san komai ba.

Jiya muna ɓarar gyaɗa da Hadjo take tambayata yaushe za mu kwashe waken, don saura kwana bakwai a saki gonaki. Na ce mene ne sakin gonaki? Ta dube ni kamar na tambaye ta mene ne ruwa. Ashe a nan, in aka gama girbi, dattawan gari sukan sa rana. Daga ranar, duk abin da ya rage a gona ba na mai gona ba ne. Na masu kala ne, zawarawa da tsofaffi da marasa ƙarfi, in sun gama kuma shanu su shiga. Ta ce matan ƙauyuka uku sun riga sun san da gonar Alhaji, gona guda cike da wake ba a taɓa ba, kowa ta gyara kwandonta. Kuma da sassafe suke fita, tun gari bai gama wayewa ba, don kowa na son ta riga 'yar'uwarta.

Ka hango abin da na hango? Mace a duƙe cikin wake, da duku-duku, a ƙasan gona. Baba a rumfa.

Mu jikokin fatake ne, Baban Khalida. A wurinmu kayan da ka ajiye naka ne ko shekara goma ya yi a sito, ba mai taɓawa sai da izininka. Haka Baba ya ɗauki gona, kamar butik ce, shagon da zai kulle ya sa makulli a aljihu. Da na kai masa maganar, abin da ya ce ke nan: shi ya sayi iri, shi ya sa aka shuka, wa zai shigar masa? Ya kira Djibrilla. Djibrilla ya ce masa cikin ladabi wannan ba a hannunsa take ba, tun kafin a haife su ake yi, kuma wanda aka ara wa ƙasa ba ya hana mai kala, in ya hana shi ma Djibrillan ba zai ƙara ɗaga kai a garin ba. Sai ya ƙara da abin da ya kusa sa ni ihu. Wai ba abin damuwa ba ne, maharbi kamar Alhaji ai ko a mafarki ya san mutum ya san dabba. Baba ya gyaɗa kai. Ina tsaye ina kallonsu.

Na gwada abin da zan iya. Na ce to mu roro waken mu raba wa matan da hannunmu, lada biyu ke nan. Ya ce duk wanda ya cire masa kwanso ɗaya kafin ya kayar da mazon bai yafe ba. A gabana ya faɗa, kuma ni yake nufi. Ka san nauyin wannan kalma daga bakin uba. Na nemi in ɓoye kartush ɗin, ashe a aljihun 'yar cikinsa suke, yana ƙirga su da yatsa kamar carbi. Daga ƙarshe na ja Hadjo bayan ɗaki na gaya mata gaskiya duka. Ta dafe ƙirji. Ta yi alkawarin za ta gargaɗi matan garinsu su bari sai rana ta fito, ba tare da ta faɗi dalili ba. Amma na sauran ƙauyukan fa? Ta ce ko an gaya musu ba za su ji ba, za su ce dabara ce ta 'yan gari su cinye waken su kaɗai.

Gaba kura, baya sayaki. In na tona shi, na kashe abin da ya tayar da shi daga tabarma, kuma ba na jin zai ƙara tashi. In na yi shiru, wata baiwar Allah da ta fito neman abin miya za a kai gida a kan ƙyaure. Ina rufe ido in ga jandarma, in ga Baba da farin gemunsa a bayan mota.

Ga abin da na yanke. Daga ranar da aka saki gonaki, kullum zan bi shi rumfar. Na ce masa zan riƙa ɗaukar masa kujera da buta saboda gwiwa. Ya yi faɗa, ya ce mace a wurin kwanto sai surutu da tari, amma bai hana ba. Ban san me zan yi ba in abin ya zo. Ko hannunsa zan riƙe, ko ihu zan yi, Allah dai ya ba ni sa'a in riga yatsansa.

Na ji likita ya ba mu ran sha huɗu ga Disamba. Ka riƙe ranar da kyau, ko da ban san yadda zan kawo shi ba. Kada ka gaya wa Khalida komai.

Ni ce taka,
Mubaraka


Ƙauyen Djibrilla, 9 ga Disamba

Baban Khalida,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Khalida. Kafin komai: ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji rauni. Ka yi hamdala, sannan ka karanta sauran, don ni ban san ko hamdala zan yi ko istigfari ba.

An saki gonaki ran Laraba. Kwana biyun farko mata suka zo bayan rana ta ɗan ɗaga. Da na hango su sai in miƙe in rangaɗa musu sannu da aiki da iyakar muryata, Baba yana ta tsaki yana cewa na kore masa komai. Suka cinye rabin gonar ta sama, saura ta bakin rafi.

Jiya Juma'a muka isa gari bai gama haske ba, ga sanyi. Ba kowa. Muna zaune shiru har ƙafata ta yi sanyi ƙalau. Sai na ga Baba ya karkata kai, kamar yadda yake yi in ana kiran salla daga nesa. Ni ban ji komai ba. Can sai ganye ya motsa a bakin kurmi, ya fito.

Ban taɓa ganin mazo da rai ba sai jiya. Ja ne mai duhu, da ɗige-ɗigen fari a cinya, ƙahonsa a murɗe. Ya tsaya ya shaƙi iska, ya sunkuya ya fara cin waken, bai fi taki ashirin daga inda muke ba. Baba ya ɗaga bindiga a hankali, ko ƙaran ciyawa bai motsa ba. Na bi bakin bindigar da ido, daidai kafaɗarsa take. Yatsansa na kan kunamar bindigar. Na ce a raina shi ke nan, ya samu.

Bai harba ba. Ya daɗe a haka, har na ga gumi a goshinsa cikin sanyin nan. Sai ya kira sunana can ƙasa-ƙasa, bai sauke bindigar ba, ya ce in gaya masa mene ne a ƙasan gonar.

Tun da nake, Baba bai taɓa tambayata me ke gabansa ba. A ɗan lokacin nan na yi tunanin da ya fi na wata biyun nan yawa. In na ce mazo ne, zai harba, zai samu, za a yi ta kiɗa a gari. Gobe kuma ya dawo don gada, baɗi ya sake shuka wata gonar, likita kuwa sai dai a ji a salansa. Wata rana ba na nan, abin da ke duƙe a wake ya zama Hadjo.

Na ce masa mace ce, mai jan zane, tana kala.

Ya sauke bindigar a kan cinya yana salati. Motsin ya sa mazon ya ɗaga kai, tsalle ɗaya ya faɗa kurmi. Daga can ciki sai na ji haushin kare sau biyu, har na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai zai ɗauka matar da karenta ta zo. Ya buɗe bindigar, ya zare kartush ɗin, ya lalubi tafin hannuna ya sa mini. Da muka tashi sai ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Haka muka ratsa gari, ina gaba yana biye, mutane suna gaishe mu suna kallo. Bai ɓoye ba.

Tun jiya yana ɗaki. Ko masallacin Juma'a bai je ba. Na kai kunu, ya huce a inda na ajiye. Na sami abin da nake nema, Baban Khalida, amma dubi yadda na same shi. Wata huɗu yana jiran dabbar nan, ta zo har gabansa, na ƙwace masa. Ban tsaya nan ba, na ɗora masa cewa saura ƙiris ya kashe rai. Mutum mai shekara saba'in da huɗu, a kan tabarmar da na yi murnar ganinta a naɗe. In ya ƙi tashi fa? In wannan ce ta kwantar da shi gaba ɗaya, da wane baki zan ce don shi na yi?

Kai kaɗai na gaya wa. Ka faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini ciwo, ka san ba na son lallashi.

Matarka,
Mubaraka


Djougou, 12 ga Disamba

Baban Khalida,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Amsarka ba ta riske ni ba, mun riga mun baro ƙauyen. Gobe Laraba za mu taso da motar safe, ka tarye mu a tasha, ka sa a gyara ɗakin baƙi, a kawar da duk abin da zai yi tuntuɓe da shi.

Ran Lahadi ya fito da kansa. Ya kira Djibrilla, ya miƙa masa bindigar, ya gaya masa da bakinsa cewa idonsa ya tafi tun bara. Ya ce a gaya wa mata su kwashe waken duka, har dankalin. Djibrilla ya yi ta juya bindigar a hannu.

Ni kuwa abin ya ƙi barina. Jiya bayan la'asar, muna gida, na same shi a zaure na durƙusa, na ce ina da laifin da zan faɗa. Ban kai rabi ba ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya sani. Ya ce haushin da na ji ba kare ba ne, haka mazo yake yi in ya firgita, duk wanda ya taɓa kwana a daji ya san wannan. Tun kafin mu bar rumfar ya san me ya tsaya a gabansa.

Na ce to me ya sa bai tona ni ba? Ya ce ai ba amsata ce ta sauke bindigar ba, tambayarsa ce. Maharbin da sai ya tambaya me ke gaban bindigarsa ya gama harbi. Kwana biyun da ya yi a ɗaki, da wannan yake kokawa, ba da wata mai jan zane ba. Ya ce kuma tun ina ƙarama ban taɓa yi masa ƙarya ba, da ya ji na yi, sai ya gane irin tsoron da na daɗe ina ɗauke da shi ni kaɗai.

Na yi kuka har na ba kaina kunya. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce akwai abu ɗaya da na hana shi, yana so in ba shi yanzu. Ya gyara zama, ya juyo da fuskarsa wajena, ya ce in gaya masa yadda mazon yake.

Na faɗa masa. Launinsa, ɗigen cinyarsa, farin da ke maƙogwaronsa, yadda ya shaƙi iska kafin ya sunkuya. Ya tambayi tsawon ƙahon, na kama hannunsa na auna masa daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Ya yi murmushi, ya ce ya san babba ne, tun daga sawun ya sani. Sau uku ya sa na maimaita masa ƙahon.

Tsoron zuwa asibiti jibi yana nan a cikina, ban san me likita zai ce ba, ko an makara ko ba a makara ba. Shi ko a jikinsa, sai tambaya yake ko Khalida ta yi tsawo. Ka zo da ita tashar, in ma bai gan ta ba ya shafa kanta.

Sai mun iso, in Allah ya yarda.

Taka har kullum,
Mubaraka